Wace manhaja ta fi dacewa da mai ɗaga ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Wata bakwai ke nan ina ɗaga ƙarfe, kwana uku a mako, a wani ɗan gidan motsa jiki na unguwarmu. Da farko ina ganin canji, amma kusan wata biyu ke nan nauyin da nake ɗagawa bai motsa ba. Ban taɓa rubuta komai ba, a ka nake riƙewa. Abokaina kowa da manhajar da yake yabo: wannan ya ce Hevy, wancan ya ce Strong, wani kuma ya ce Fitbod za ta tsara mini komai da kanta. Wayata Infinix ce, kuma ba kullum nake da data ba. Wacce zan ɗauka? Sai na biya kuɗi? Ko in haɗa da agogon hannu mai ƙirga motsi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ga amsar a dunƙule kafin in warware ta. Tunda wayarka Android ce kuma data sai jefi-jefi, sauke FitNotes ka fara rubutu tun daga atisayenka na gaba. In kuwa kana son ganin abin da abokanka ke ɗagawa, ko kana da niyyar komawa iPhone wata rana, to ɗauki Hevy. Kada ka biya ko sisi tukuna. Kuɗin agogon kuma ka riƙe shi, akwai abin da ya fi shi amfani da zan ce ka saya. Amma dole in ba ka dalilai, don in ban ba ka ba, nan da wata uku wani abokin zai nuna maka sabuwar manhaja mai ƙyalƙyali ka sake shiga ruɗani.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne cewa a ka kake riƙewa. Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗan zarce wanda ta saba. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wanda shi ma mai ɗaga ƙarfe ne, ya wallafa yadda ya riƙa farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu ta hanyar ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan, ana rubutawa ana aunawa. A 1948 shi da Arthur Watkins suka daidaita tsarin zuwa seti uku, wato zagaye uku, kowanne ɗagawa sau goma, wanda har yau za ka ji ana maimaita shi a kowane gidan ƙarfe. A watannin farko kome ka yi yana aiki, domin jijiyoyinka ne ke koyon motsin, shi ya sa ka ga canji ba tare da rubutu ba. Bayan nan ci gaban yakan zama siriri: ƙarin ɗagawa ɗaya a seti na uku, ko kilo biyu da rabi a sanda. Yi lissafi: atisaye biyar, seti uku-uku, kwana uku, seti 45 ke nan a mako. Babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe wannan dalla-dalla, kuma abin da ta fi riƙewa shi ne ranar da ka fi ƙwazo. Sai mutum ya yi wata biyu yana ɗaga kilo 50 sau takwas, yana ganin kamar yana ƙoƙari, alhali makon jiya da na shekaranjiya duk abu ɗaya ya maimaita.

Saboda haka aikin manhajar guda ɗaya ne tak, kuma da shi nake auna kowacce. Kana zaune a bakin benci, tafin hannunka da gumi, numfashi bai gama dawowa ba, ka ɗauki waya. Shin tana nuna maka abin da ka ɗaga a wannan atisayen a karon da ya wuce, seti bayan seti, ba tare da ka yi ta lalube ba? Kuma in ka gama setin, taɓawa nawa za ka yi kafin ya shiga? Kamar littafin bashin mai kanti ne: in sai ya yi ta buɗe shafuka mai saye na tsaye yana jira, wata rana zai daina rubutawa. Strong da Hevy sun ƙware a nan, domin kusa da inda za ka saka nauyin yau akwai layin da ke ɗauke da na wancan karon, in ka maimaita shi sai dai ka danna alamar gamawa kawai. A FitNotes tarihin atisayen yana shafin da ke gefe, ja ɗaya da yatsa ka gan shi, kuma kana iya kwafo atisayen wata rana gaba ɗaya zuwa yau. Duk manhajar da ta tare ka da bidiyo, ko talla, ko tambayar yadda kake ji, kafin ta bar ka ka rubuta lamba biyu, ta faɗi jarrabawa ko da kuwa ta fi kowacce kyan gani. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dalilin da na sa FitNotes a gaba gare ka shi ne yanayin da kake ciki. Kyauta ce, babu talla, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma bayananka a cikin wayar suke zaune, don haka ko sati ka yi babu data ba ruwanta. Ba ta cin wuri, ba ta nauyi a kan ƙaramar waya. Kana iya ƙirƙirar atisaye iya son ranka, ka sa masa sunan da ka ga dama, har da Hausa, ka kuma tsara ranakun mako ba tare da an ƙayyade maka adadi ba. Kamanninta na tsohon yayi ne, kuma ba za ta koya maka yadda ake yin atisaye ba. Sannan tunda komai a wayar yake, ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa tarihinka ya tafi, sai in ka saita ajiyar kwafi a Google Drive. Ka yi wannan tun ranar farko. Ta asalin ta Android ce kaɗai. Masu kama da sunanta da ake gani a iPhone aikin wasu mutane ne daban.

Hevy tana buƙatar ka buɗe asusu sau ɗaya, bayan nan tana karɓar rubutu ko babu intanet, ta tura shi in data ta samu. Ribar wannan ita ce in ka sauya waya ka shiga asusunka, komai na nan. A kyauta tana barin ka ka ajiye tsarin atisaye huɗu, zane-zanen ci gaba kuma na watanni ukun baya kawai take nunawa. Strong a kyauta uku take bari. Ga mai zuwa kwana uku a mako irinka, uku ko huɗu sun isa har da saura, shi ya sa na ce kada ka biya. Kamfanoni kan sauya waɗannan iyakoki lokaci zuwa lokaci, don haka ka karanta abin da ke rubuce ranar da za ka sauke. JEFIT kuma, in ka ji an ambace ta, ƙarfinta tarin atisaye ne masu hoto da bayani, sai dai ta kyautar tana da talla da cunkoso, ni ban cika tura sabon shiga can ba.

Akwai wata matsala da masu Infinix, Tecno da itel suka fi fuskanta, kuma mutane da yawa manhajar suke ɗora wa laifi. Waɗannan wayoyin suna da zafin tsimin batir, da zarar allo ya mutu sukan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Sai ka saita agogon hutu na minti biyu, ka ajiye waya, ka yi ta jira ba ta yi ƙara ba. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin sanarwa, sannan ka kulle ta a jerin manhajojin da ka buɗe kwanan nan. Agogon hutun nan ba ado ba ne. A 2016 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa sun raba maza 21 da suka saba ɗaga ƙarfe gida biyu na tsawon mako takwas, wasu suna hutun minti ɗaya tsakanin seti, wasu minti uku. Masu minti ukun suka fi samun ƙarfi da kaurin tsoka. Ban da haka ma, in yau ka huta minti ɗaya gobe ka tsaya hira minti bakwai, lambobin kwanakin biyu ba za su kwatantu ba. A manyan atisaye kamar sukwat (tsugunno da sanda a kafaɗa), benci (tura sanda sama kana kwance) da dedlif (ɗago sanda daga ƙasa), ka saita minti biyu zuwa uku. A ƙanana kamar na damtse, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi ba ni hankalinka, domin waɗanda suka ƙera manhajojin nan ba su yi tunanin irin gidan ƙarfenmu ba. Su a wurinsu sanda kilo 20 ce, mai tsawon mita 2.2, ta mata kuma kilo 15, faya-fayai kuma kowanne da nauyinsa a jikinsa. A unguwa kuwa za ka tarar da sandar da mai walda ya haɗa, faifan siminti, giyar mota, da wasu ƴan faya-fayan gwanjo da aka shigo da su. Na gwanjon ma wasu a fam aka rubuta nauyinsu, ba a kilo ba: mai lamba 45 kilo 20.4 ne, mai 35 kilo 15.9, mai 25 kilo 11.3, mai 10 kuma kilo 4.5. Na sha ganin yaro yana murna wai ya danna kilo 110 a benci, ashe faifai biyu masu lamba 45 na fam ne a sanda, duka-duka kilo 61 ke nan in sandar ta cika 20. In lambar da kake sakawa ba gaskiya ba ce, duk lissafin da manhajar za ta yi maka a kanta ya rushe.

Maganin ba shi da wuya. Ka nemi izinin mai wurin, ku samo sikeli, ko da na masu sayar da iskar gas ne ko na awon hatsi, ku auna sanda da kowane faifai, ku rubuta nauyin da fenti a jikinsa. In sikelin awon mutum ne kawai a kusa, hau ka ga nauyinka, sannan ka hau riƙe da faifan ka debe. Faifan siminti yakan gutsure ya rage nauyi, a sake aunawa bayan wasu watanni. Wannan ne ya sa nake so manhajarka ta karɓi lamba mai ɗigo, kamar 47.5 ko 52.3, ta kuma bar ka ka zaɓi kilo ko fam. In ma aunawar ba ta yiwu ba, ka ba kayan suna ka tsaya a kai: a wurin sharhi ka rubuta "sanda mai kauri, siminti biyu manya, giya ɗaya kowane gefe". Muddin kayan ba su sauya ba, ƙarin ɗagawa ƙari ne na gaskiya. Haka zancen yake a injina masu igiya da kura: lamba 40 a wannan injin ba lallai ta zo daidai da 40 a wancan ba, domin yawan kurar da igiyar ta ratsa yana iya raba nauyin biyu. In kana zuwa wuri biyu, ka buɗe wa kowane inji sunansa daban a manhajar, kada ka gwamutsa su.

Daga nan sai abin da na ce ya fi agogo amfani: ƙananan faya-fayai biyu masu kilo 1.25 kowanne. A yawancin wurarenmu mafi ƙanƙantar faifai kilo 5 ne, wani wurin 2.5. Ka ga in kana danna kilo 50 a benci, matakin da ke gabanka 60 ne, ƙarin kashi 20 cikin ɗari a tashi ɗaya. Babu jikin da ke tsallake wannan a mako, kuma ina kyautata zaton yana cikin abin da ya tsayar da kai. In ba ka samu na saye ba, kai wa mai walda ya yanka maka daga farantin ƙarfe, ka auna kaurin bakin sandarku tukuna, don na gasar Olamfik milimita 50 ne, na gida kuma sun fi siranta. Ka riƙa zuwa da su a jakarka.

Sai batun Fitbod, wanda ya kai mu ga ainihin rabe-raben manhajojin. Wasu littafin rubutu ne zalla, kai za ka zo da tsarinka: FitNotes, Strong da Hevy nan suke. Wasu suna zuwa da tsarin da ƙwararru suka rubuta, su gaya maka nauyin da za ka saka yau. StrongLifts 5x5 ita ce sananniya a nan. Atisaye biyar ne kacal a rana iri biyu da ake sassauyawa: ranar farko sukwat, benci da jan sanda zuwa ciki, ta biyu sukwat, tura sanda sama da kai da dedlif. Seti biyar sau biyar, ban da dedlif da ake yi seti ɗaya. Duk ranar da ka cika, a ƙara kilo 2.5, in ka kasa sau uku a jere, a rage kashi 10 cikin ɗari ka sake hawowa. Boostcamp tana ɗauke da tsare-tsare da dama irin su GZCLP a kyauta, Liftosaur kuma tana barin mai son ƙwaƙƙwafi ya rubuta dokar ƙarin nauyinsa da kansa. Kashi na uku su ne masu tsara maka atisayen kowace rana da lissafin na'ura, kamar Fitbod, wadda ke duba kayan da ka ce kana da su da ƙiyasinta na wace tsoka ce ta huta, sannan ta zaɓo maka abin yi.

Ba na kushe kashi na ukun. Ga ɗan kasuwa mai yawan tafiya, yau yana wannan otal gobe yana wancan, ko wanda ba ya son tunanin komai sai dai ya motsa jiki, tana da amfani. Amma kai matsalarka ita ce ba ka san ko kana gaba ko kana tsaye ba, kuma manhajar da ke yawan sauya maka atisaye za ta ƙara dagula wannan. In yau benci da sanda, jibi da dambel (ƙaramin ƙarfen da ake riƙewa da hannu ɗaya), mako mai zuwa da igiya, da me za ka kwatanta me? Ga shi bayan ɗan gwajin kyauta sai da kuɗin wata-wata. Abin da kake buƙata shi ne atisaye biyar ko shida da ba sa sauyawa na tsawon wata uku, da lambobinsu a jere.

In ba ka da tsari tsayayye, kuma zatona ba ka da shi, to ga wanda ya fi dacewa da wurin da babu ƙananan faya-fayai, kuma kowace manhajar rubutu za ta ɗauke shi. Ka zaɓi tazara, misali sau 8 zuwa 12. Ka tsaya a nauyi ɗaya har sai ka cika 12 a duka seti ukun, sannan ka ƙara nauyi ka koma 8. A rubuce zai zama kamar haka: kilo 50, yau 8, 8, 7, mako mai zuwa 9, 8, 8, na gaba 10, 9, 8, har ranar da za ka ga 12, 12, 12, sai ka hau 52.5 ko 55. Dubi yadda bambancin mako da mako bai wuce ɗagawa ɗaya ko biyu ba. Wannan ne abin da ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba, kuma wannan ne dalilin da layin "na wancan karon" ya fi duk wani abin da ke cikin manhajar daraja. A dambel ma haka ne, har ya fi: daga kilo 12 zuwa 15 ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne, don haka ka faɗaɗa tazarar zuwa 8 da 15.

Manhajojin nan suna cika fuska da lambobi, kuma wasunsu suna ɓatar da mutane. Ta farko ita ce ƙiyasin nauyin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya tak. Lissafi ne kawai, ba awo ba. Akwai na Boyd Epley na 1985 da na Matt Brzycki na 1993, su aka fi amfani da su. In ka ɗaga kilo 80 sau takwas, na Epley zai ce 101, na Brzycki ya ce 99, sun yi kusa. Amma in kilo 50 ka ɗaga sau ashirin, na farko zai ce 83, na biyu ya ce kusan 106. Tazarar kilo 23 ke nan a kan seti ɗaya. Don haka ka yarda da ƙiyasin ne kawai in setin bai wuce sau goma ba, ka kuma ɗauke shi a matsayin alamar ko kana hawa ko kana sauka daga wata zuwa wata. Ina roƙon ka kada ka ɗora wannan nauyin a sanda ka kwanta ƙarƙashinsa don waya ta ce za ka iya, musamman in babu mai tsaya maka a ka.

Ta biyu ita ce jimillar nauyin da ka ɗaga a rana, wadda suke nunawa da manyan baƙaƙe in ka gama. Kilo 60 sau goma seti uku jimilla 1,800 ne. Kilo 90 sau uku seti biyar 1,350 ne. Wa ya fi ƙarfi a cikin biyun? Lambar tana yaudarar mutum ya koma tara seti marasa wahala don ta yi girma. Abin da ya fi ta ma'ana shi ne ka ƙirga seti nawa masu wahala kowace tsoka ta samu a mako. Nazarin da Schoenfeld da abokansa suka tattara a 2017 ya nuna girman tsoka yana ƙaruwa da yawan setin mako, kuma waɗanda suka kai goma ko fiye su suka fi samu. Wannan kana iya ƙirga shi da yatsunka ranar Lahadi. Hoton jikin mutum mai ja da kore da ke cewa wai ƙirjinka ya huta kashi 80 cikin ɗari kuwa, wayar ba ta san ko ka yi barci jiya ba, ba ta san me ka ci ba.

Agogon hannu ma a nan yake shigowa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai a jikin mutum 60. A bugun zuciya shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a ƙiyasin kuzarin da aka ƙona, wadda ta fi daidai ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Sun kuma lura kuskuren yana ƙaruwa a kan fata mai duhu. Wannan a zaune ne da tafiya da gudu da keke. A ɗaga ƙarfe, inda kake damƙe sanda wuyan hannu na lanƙwashewa, na'urar ta fi shan wahala. Amfanin agogo ga mai ƙarfe shi ne ya rubuta seti ba tare da ya ɗauki waya ba, kuma a irin waɗannan manhajojin wannan sai Apple Watch ko masu Wear OS, tsarin agogo na Google. Masu arha na kasuwa ba sa ɗaukar waɗannan manhajojin.

Lambar da nake so ka ƙara da kanka ita ce: sau nawa suka rage maka a jiki lokacin da ka ajiye sandar? A manhajoji za ka ga an rubuta RPE, ma'aunin wahala daga 1 zuwa 10 da Mike Tuchscherer ya yaɗa tsakanin masu ɗaga ƙarfe. Goma na nufin ba ka iya ƙara ko ɗaya, tara saura ɗaya, takwas saura biyu. Kilo 70 sau biyar a kan tara, da kilo 70 sau biyar a kan bakwai bayan wata guda, ci gaba ne babba ko da lambar sanda ba ta motsa ba. Ka rubuta shi a setin ƙarshe na manyan atisaye kawai, kada ya zame maka aiki. In manhajar ba ta da gurbinsa, wurin sharhi ya isa. Wurin sharhin nan ka riƙe shi da kyau: "barcin awa huɗu", "zazzaɓi ya tashe ni", "kafaɗar dama na ɗan ja". A watan azumi ka rubuta ko kafin shan ruwa ka yi ko bayan tarawihi, don lambobin za su sauka, kuma baɗi za ka so ka san wane lokaci ne jikinka ya fi karɓa. Shawarata a watan ita ce ka riƙe nauyin ka rage yawan seti. Haka a tsananin zafin Afrilu da Mayu, in ka ga ka kasa abin da ka yi a sanyin Janairu, sharhin zai hana ka zargin tsarinka a banza.

Abu na gaba mutane ba sa tuna shi sai ya zo musu. Rubutun shekara biyu dukiya ce, kuma kamfani yana iya rufewa, ko ya mayar da abin kyauta na kuɗi. Kafin ka zauna da kowace manhaja, ka tabbata tana barin ka ka fitar da bayananka a fayil ɗin CSV, wanda Excel ko Google Sheets ke buɗewa. FitNotes, Strong da Hevy duk suna yi, Hevy ma tana karɓar fayil ɗin Strong kai tsaye. Ka gwada fitarwar a makon farko, ka tura wa kanka ta imel, ka riƙa maimaitawa duk ƙarshen wata. A masu dandalin abokai kuma ka shiga saitin sirri ka ga wa ke ganin me. A Janairun 2018 taswirar da manhajar masu gudu da keke ta Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe da dama, kuma a shekarar aka saci bayanan asusu kusan miliyan 150 na manhajar lissafin abinci ta MyFitnessPal. Hoton jikinka na auna canji ya zauna a wayarka. In ƙanwarka ko maiɗakinka za ta fara, wannan ya fi muhimmanci a gare ta, kuma dalili ne mai ƙarfi na zaɓar wadda ba ta neman asusu.

In wata rana ka ga kana buƙatar ta kuɗi, alamar ita ce ka yi wata shida kana rubutu ba fashi kuma iyakar kyautar ta matse ka da gaske. A lokacin ka duba zaɓin biya sau ɗaya na dindindin, Strong da Hevy suna da shi, ka kwatanta da na shekara. Ka sani kuma biyan Google Play yana sabunta kansa, goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi, sai ka shiga Play ɗin ka soke da hannunka. Gwajin kyautar da ya nemi lambar katinka ma haka yake.

Game da tsayuwar da ka yi ta wata biyu: mako shida masu zuwa kada ka sauya atisaye ko ɗaya, kada ka sauya manhaja, ka rubuta kowane seti nan take, ba sai ka koma gida ba. Ka haɗa da nauyin jikinka sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komai. Bayan mako shidan ka buɗe tarihin sukwat, benci da dedlif. In lambobin na hawa ko da ɗagawa ɗaya-ɗaya ne, ci gaba da abin da kake yi. In atisaye ɗaya ne ya tsaya, rage masa kashi 10 cikin ɗari ka sake hawowa da ƙananan faya-fayanka. In duka suka tsaya kuma nauyin jikinka bai motsa ba ko yana raguwa, to abinci da barci za ka gyara: ƙara wake, ƙwai, kifi, nono da gyaɗa, ka nemi barcin awa bakwai. In kuma a sharhinka ka ga ciwon gaɓa ɗaya ya maimaitu mako uku a jere, musamman gwiwa, kafaɗa ko ƙugu, ka dakatar da atisayen da ke tayar da shi ka je likitan ƙashi ko na gashin ƙashi ya duba ka, ka nuna masa abin da ka rubuta. Ka turo mini fayil ɗin bayan mako shidan, in sha Allahu za mu duba shi tare.